Ina samarinmu suke shiga da asuba?

Na'ibin Unguwa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai na ce bari in fitar da shi. Shekarata goma sha ɗaya ina na'ibin liman a wani ƙaramin masallacin khamsu salawati a nan Kano. Yau da asuba bayan an sallame na waiwaya, sahu biyu da rabi, na ƙirga waɗanda ba su kai shekara ashirin ba, su uku ne. Biyu daga ciki ma 'ya'yan ladan ne. Alhali layin nan namu in ka fito bayan isha'i samari ne maƙil a dakali har ƙarfe ɗayan dare. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne goman ƙarshe na azumin bana. Waɗannan yaran dai su ne suka cika mana masallaci a tahajjudi har sai da muka shimfiɗa tabarmi a titi, su ke rabon ruwa, su ke jan wayar lasifika. Ana ganin watan Shawwal suka ɓace kamar an yi ruwa an ɗauke. To tambayata: addinin ne ya ragu a zukatansu, ko masallacin ne kawai suka daina zuwa?

Dattijon Fagge: Wa alaikumus salam Malam. Amsar ai a fili take, waya ce. Yaron da ya kwana yana latse-latse har ukun dare, da wane ido zai ga asuba? Mu a zamaninmu kiran assalatu na farko mahaifinmu yake buga ƙofar shago da sanda, wanda bai tashi ba ruwan randa ne zai tashe shi, ko da sanyin hunturu ne. Yanzu uba na tsoron ɗansa. Allah ya kyauta.

Maman Walida: Baba, a yi mini afuwa, ba duka laifin waya ba ne. Ni da kaina na hana nawa fita asuba na tsawon wata biyu bara, bayan an tare ɗan maƙociyarmu a lungu da wuƙa, an karɓe masa waya, an sare shi a hannu, yana hanyar masallaci. In babansu yana gari su fita tare, in ya yi tafiya a tsakar gida suke jam'i, babban ya ja ƙannensa. Malam in ya waiwaya ba zai gan su a sahu ba, amma sun yi sallarsu a kan lokaci.

Dattijon Fagge: Hajiya, kasuwa da gidan kallon ƙwallo ba a ƙwacen waya a hanyarsu? Sai hanyar masallaci?

Maman Walida: Kasuwa da rana ake zuwa Baba. Ƙarfe biyar na asuba, ba wuta, ba kowa a layi, ai daban ne.

Yaya Likita: Malam Na'ibi, tambayarka ta tuna mini wani bincike, domin mutanen ƙasar da nake zaune sun daɗe suna auna wannan abin da alƙaluma. A 2020 cibiyar bincike ta Pew a nan Amurka ta fitar da rahoto a kan yara masu shekara 13 zuwa 17, kuma hikimar da suka yi ita ce kowane yaro sun tambaye shi, sun kuma tambayi ɗaya daga cikin iyayensa. A batun zuwa wurin ibada aƙalla sau ɗaya a wata, yara kashi 44 cikin 100 suka ce suna zuwa, iyaye kashi 43. Kusan kunnen doki ke nan. Amma da aka zo kan ko addini yana da matuƙar muhimmanci a rayuwarka, iyaye kashi 43 suka ce e, yara kashi 24 kacal. Addu'a kullum, iyaye kashi 48, yara kashi 27. Ka ga ƙafar yaro tana bin ƙafar ubansa zuwa coci ko masallaci, amma zuciyar ba lallai ta bi ba. Fasto ko liman da ke ƙirga kawuna zai ce lafiya lau, sai ranar da yaron ya tafi jami'a, babu mai ɗaukarsa a mota, sannan a ga gaskiyar abin. Ni abin da ya tsorata ni ke nan a kan nawa 'ya'yan, don duk Juma'ar da ba makaranta tare muke tafiya, ban kuma san me zai faru ranar da na daina riƙe sitiyari ba.

Dattijon Fagge: Likita, ka kawo mana lissafin ƙasar da ba ruwanta da Allah. Me ya haɗa Fagge da Amurka?

Yaya Likita: Baba, ba haka suke da can ba. Kamfanin Gallup ya ce a 1999 kashi 70 cikin 100 na manyan Amurkawa suna da rajista da wani coci, ko masallaci, ko wurin ibadar Yahudawa. A 2020 abin ya sauko kashi 47, karo na farko da ya gaza rabi tun da suka fara ƙirgawa. Shekara ashirin da ɗaya ke nan kawai, tsawon rayuwar saurayi guda. Ban ce haka za ta same mu ba. Abin da na ɗauko daga ciki shi ne sahu ba ya nuna abin da ke cikin ƙirji, ko ya cika ko ya rame.

Baban Yusra: Ni ma bari in sa baki daga Bamingham. A ƙidayar 2021 ta Ingila da Wales, masu cewa su Kirista ne sun sauko zuwa kashi 46.2 daga kashi 59.3 a 2011, masu cewa ba su da addini sun haura zuwa kashi 37.2. Musulmi sun ƙaru daga kashi 4.9 zuwa 6.5, kuma mu ne muka fi kowa ƙuruciya, tsaka-tsakin shekarunmu 27, na Kirista 51. In ka je tarawihi a manyan masallatan garin nan za ka sha mamaki, matasa ne har bakin titi. Amma kar mu ruɗi kanmu. Wani yaron a nan riƙo da Musulunci ya zame masa tutar da yake ɗagawa saboda ana tsangwamarsa a makaranta. Zai sa jallabiya ranar Idi, zai yi zanga-zangar Falasɗinu, amma ka tambaye shi farillan alwala ka ji shiru. Nawa ɗan na fari haka muka yi fama da shi.

Ɗan Zango: Ku tsaya, Likita ya faɗi rabin labari 😄 Ita dai wannan Pew ɗin a 2018 ta duba ƙasashe 106 don ta ga ko matasa 'yan ƙasa da shekara 40 sun fi manya sakaci da addini. A ƙasashe 46 ta samu haka. A ƙasashe biyu kaɗai ta samu matasa sun fi manya ɗaukar addini da muhimmanci: Jojiya da Gana. Mu ke nan! A Chadi ma matasa sun fi manya yin addu'a kullum. Saboda haka kada a sa mu a kwando ɗaya da Turai. A Zangon Kumasi yaro ya yi boko Litinin zuwa Juma'a, Asabar da Lahadi yana makaranta da allonsa ko littafinsa, har yanzu haka ake yi.

Yaya Likita: Gaskiyarka ɗan'uwa, na yarda. Sai dai ka lura wancan manya ne daga shekara 18 zuwa 39, ba 'yan 14 da 15 da Malam yake magana a kansu ba.

Malama Uwani: Duk maganar nan da ake yi ta samari ce, ba wanda ya tambayi 'yan mata. Ina koyarwa a Islamiyya a Zariya shekara goma sha shida. Aji ɗaya da aji biyu, maza da mata kusan daidai suke. Daga aji huɗu maza za su fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Saukar da muka yi ta ƙarshe, mata sun ninka maza fiye da sau biyu, kuma duk malamar da na tambaya a wasu makarantun haka take ce mini. Ina mazan suke tafiya? Wani an kai shi koyon gyaran waya ko ɗinki, wani yana tsaron shagon yayansa, wani kuma ya shiga ajin ƙarshe na sakandare, uban da kansa ya zo ya ce Malama a ɗaga masa ƙafa zai shiga lesin na JAMB da WAEC, in ya gama zai dawo. Wallahi ban taɓa ganin wanda ya dawo ba. Ba yaron ne ya zaɓi barin Islamiyya ba, mu manya ne muka nuna masa wanne karatu ake iya ajiyewa in lokaci ya ƙure. Ita mace ana barinta saboda ana so ta sauke kafin aure, a yi walima, a buga kalanda. Ko wannan ɗin ma akwai magana a kai, amma ba yau ba.

Maman Walida: Malama kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Mu ma haka muka yi wa babban namu, sai yanzu nake jin kunyar abin.

Na'ibin Unguwa: Malama, Allah ya saka da alheri, wannan ban taɓa kallonsa ta nan ba. Ni mata ba na ganinsu a khamsu salawati dama, sai a tahajjudi, kuma can ɗin ma ɓangarensu ya fi namu cika.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Wajenmu a Zinder samari a fada suke zama, ana dafa shayi tun daga la'asar har dare. Abin da na lura, fada da yawa suna da tabarmarsu da butocinsu, in an kira magariba nan za su tada sahu, ɗaya ya shige gaba. Ba sa shiga masallacin da ke bayansu taku ashirin. Na taɓa tambayar wani ƙanena dalili, ya ce mini a masallaci tsofaffi na kallon askinsa kafin su amsa sallamarsa. Sallar dai suna yi, tsofaffin ne ba sa son haɗuwa da su.

Dattijon Fagge: To ai askin ne ba na mutunci ba. A aske gefe a bar tsakiya kamar zakara, Annabi (SAW) ya hana. In an faɗa a ce an kore su.

Abban Umma: Assalamu alaikum iyayena. Na daɗe ina karantawa ban yi magana ba saboda ina ganin ni ne ƙarami a nan, shekarata 19. Ku yi haƙuri in na yi rashin ladabi. Baba, ni ina cikin irin yaran da ake magana a kansu, bari in faɗi nawa. Ina ɗan shekara goma sha biyu na riga kowa zuwa masallaci wata magariba, na zauna a sahun gaba bayan liman. Da aka tada iƙama wani dattijo ya kama wuyan rigata ta baya ya fizge ni, ya ce yara baya, ya shige wurina. Mutane suka yi dariya. Wata rana takalmin wani ya ɓata, aka tare mu mu huɗu a ƙofa aka caje mu, daga baya aka gano wani babba ne ya sa bisa kuskure, ba wanda ya ce mana ku yi haƙuri. Ban daina sallah ba, Allah shaida ne. Amma daga lokacin sai na koma zuwa a makare in tsaya a sahun ƙarshe, ana sallama in fice. Daga baya na ga ai ɗakina ma ya fi mini kwanciyar hankali.

Na biyu, huɗuba. In dai an ambaci matasa to zagi ne: 'yan shaye-shaye, 'yan TikTok, marasa tarbiyya. Ban taɓa jin an hau mumbari an yi maganar yaron da ya ci JAMB sau biyu bai samu gurbi ba, yana zaune a gida yana jin kamar ya mutu. Na uku, tambaya. Akwai abokina da ya ci karo da bidiyon masu cewa babu Allah, abin ya tsaya masa a rai, ya je ya tambayi malaminsu. Malam ya ce ya yi istigfari, Shaiɗan ne, kar ya ƙara. Ya yi shiru, amma tambayar ba ta tafi ba, sai ya koma intanet neman amsa, can kuma kowa da abin da zai gaya maka.

Sannan wayar da ake zagi, a cikinta nake sauraron tafsirin Malam Ja'afar, Allah ya jiƙansa, wanda aka kashe a 2007 ina jariri ko ma ba a daɗe da yaye ni ba. Ban taɓa ganinsa ba amma na fi sanin muryarsa a kan ta limamin unguwarmu. A cikinta kuma nake ganin malamai suna yi wa juna raddi, wannan ya ce kar a bi wancan sallah, wancan ya ce wannan jahili ne. Mu da muke kallo sai mu rasa wa za mu bi. Ban ce ba mu da laifi ba. Ina kwana a waya, gaskiya ne, datar dare ta fi arha kuma lokacin ake kawo wuta. Asuba tana wuce ni sau da yawa, ina jin ciwon abin. Tahajjudi kuwa muna zuwa ne don a lokacin masallaci namu ne, abokanmu duk suna can, an ba mu aikin yi, ba mai fizgar rigar kowa.

Malama Uwani: Allah ya yi maka albarka ɗana. Ka faɗi abin da ɗalibaina suke faɗa mini a ɓoye.

Dattijon Fagge: Yaro, na ji ka. Amma sahun gaba na masu hankali da ilimi ne, hadisi ne, saboda in liman ya yi rafkanuwa a samu mai tuna masa. Ba ƙiyayya ba ce. Kuma mu ma an fizge mu, an ma mare mu, ba mu bar masallaci ba.

Na'ibin Unguwa: Baba, hadisin gaskiya ne, na waɗanda ke daf da liman. Sai dai malamai da yawa sun ce yaro mai wayo in ya riga zuwa ba a tashinsa daga wurinsa, kuma tara yara a baya su kaɗai shi ke sa su wasa. Manzon Allah (SAW) ya yi sallah yana ɗauke da jikarsa Umama, ya tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa, yana taƙaita sallah in ya ji kukan jariri don tausayin uwar. Da Mu'azu ya tsawaita wa mutane karatu har wani ya fice daga sahu, Mu'azun aka yi wa faɗa. Kuma Baba, lokacin da aka mare ku, in kun fita daga masallaci ina za ku? Dandali ne kawai, shi ma a idon manya. Yaron yanzu in ka kore shi, duniya guda ce a aljihunsa tana jiransa. Abba, ni kaina na taɓa mayar da yara baya, ba sau ɗaya ba. Ka sa jikina ya yi sanyi.

Sarkin Gardama: Ni fa duk wannan ban yarda an samu wani canji ba. Kowane tsoho tun zamanin kakanni cewa yake yaran yanzu sun lalace. Ku tambayi Baba tsakaninsa da Allah, a shekarun 1970 samarin Fagge nawa ne ke asuba a jam'i, nawa ne ke kwana a silima da gidan rawa? Ni a ganina yaran yanzu sun fi iyayensu karatun addini nesa ba kusa ba. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa tun 1986 ake yinta, ku dubi shekarun masu hawa kujerar nan suna karanta izu sittin da tajwidi. A da mace nawa ce a unguwa ta sauke? Makarantun haddar da ke ko'ina yanzu, da akwai su?

Dattijon Fagge: Kai dai ba a raba ka da neman magana. Silima kam an je, ban musa ba. Amma ana fitowa a yi asuba.

Sarkin Gardama: 😂😂 Baba ya amsa laifi, a rubuta.

Yaya Likita: Sarki yana da hujja ta wani ɓangare, abin ba layi ɗaya yake bi ba. Binciken Arab Barometer da BBC ta wallafa a 2019 ya nuna masu cewa ba su da riƙo da addini a ƙasashen Larabawan da aka bincika sun tashi daga kashi 8 a 2013 zuwa kashi 13, a tsakanin 'yan ƙasa da shekara 30 kuma kashi 18, Tunisiya ce kan gaba. Aka yi ta surutu cewa matasan Larabawa sun bar addini. Da suka sake zagayowa a 2022 sai ga shi abin ya juya, matasa sun fi kowa komawa. To ka ga wanda ya yanke hukunci a 2019 ya yi gaggawa.

Anti Saratu: Gaisuwa ga kowa. Ni Kirista ce daga Wusasa, kuma wallahi kamar a cocinmu kuke wannan hirar. Yara suna cika makarantar Lahadi, suna haddace ayoyi, suna shiga ƙungiyar mawaƙa. Daga an yi musu tabbatarwa, wato bikin karɓarsu a matsayin cikakkun 'yan coci, ko sun tafi jami'a, sai dai a gan su Kirsimeti da Ista. Waɗanda ba su daina ba kuma da yawa sun bar sujadar Hausa ta iyayensu sun koma sababbin coci-coci masu kiɗa da Turanci, inda ake ba su makirufo da kyamara su riƙe. Tsofaffinmu suna cewa kiɗa ne ya ja su. Ni na ce aikin da aka ba su ne. Abin da Abba ya faɗa a kan tahajjudi shi ne dai.

Maman Walida: Sannu Anti. Ashe ciwon ɗaya ne.

Ɗan Damagaram: Akwai kuma korona da ba wanda ya ambata. A 2020 an rufe masallatai, azumin shekarar da yawa a gida aka yi tarawihi. Yaron da yake shekara goma sha ɗaya lokacin, daidai sanda ƙafarsa za ta saba, sai aka ce masa zauna gida. Su ne 'yan sha shida, sha bakwai na yanzu.

Sarkin Gardama: Wata nawa aka yi a rufe? Kar mu ɗora wa korona komai. A Kano ma mutane nawa ne suka bi dokar?

Baban Yusra: Ni ƙwallo nake so a yi maganarta da gaske. Wasan ƙarfe uku na ranar Asabar a nan, ƙarfe huɗu ne a Najeriya lokacin sanyi, daidai la'asar. Na taɓa zuwa hutu Kaduna na ga wani mai gidan kallo yana kashe talabijin in an tafi hutun rabin lokaci, ya ce kowa ya je ya yi sallah, ya ajiye butoci a ƙofa. Yaran ba su yi gardama ba. A nan ma wasu masallatan sun buɗe wa matasa wurin motsa jiki da ƙungiyar ƙwallo, abin da ya dawo da ɗana ke nan, ba wa'azina ba. Kuma ganin Mohamed Salah yana sujada in ya ci ƙwallo ya yi wa yaranmu na nan abin da ni ban iya yi ba.

Dattijon Fagge: Yanzu masallaci ne zai koma filin ƙwallo? Inna lillahi. Hadisi ya ce a umarce su da sallah suna shekara bakwai, a doke su a kanta suna goma. An bar wannan an koma lallashi.

Malama Uwani: Baba, tsakanin bakwai da goma shekara uku ce. Sallah biyar a rana, ku lissafa, ta haura sau dubu biyar ana umarni da lallashi kafin a kai ga bulala. Mu kuma sai mu tsallake dubu biyar ɗin mu fara daga bulalar. Kuma uban da yake aika yaro masallaci shi yana kwance, me zai doka?

Sarkin Gardama: Malama ta kashe baki 🔥

Mai Kula da Zaure: Jama'a a riƙa tausasa harshe, Baba uba ne a wurinmu duka. Wanda ya turo tallan atamfa a tsakiyar muhawara kuma na goge, a kiyaye.

Dattijon Fagge: Ba komai, ban ji haushi ba. Malama ta faɗi gaskiya a kan uban da ke kwance. Akwai su da yawa a layinmu, motarsu na ƙofar gida amma ba a ganinsu sai Juma'a.

Na'ibin Unguwa: Na karanta komai, wasu sau biyu. Da na buɗe maganar nan ina zaton za a ce mini waya ce, in samu abin da zan yi wa'azi a kai bayan magariba. Yanzu ban san me zan ce ba a wa'azin. Na dai yi magana da liman da ladan ɗazu. Mun ce daga Asabar za mu ba samarin layin kiran sallar magariba da isha'i su riƙa karɓa-karɓa, da riƙon makullin janareta. Asuba ban sa rai ba tukuna. Abba, in kana Kano ina so ka zo ka zauna da mu, ka faɗa wa kwamiti abin da ka faɗa a nan da bakinka.

Abban Umma: Malam ina Kano, amma gaskiya ina jin nauyi. Kwamitin duk sa'o'in babana ne. In zan zo da abokaina biyu to.

Na'ibin Unguwa: Ku zo ku ukun.

Dattijon Fagge: A dai tabbatar wanda zai kira sallar ya iya, kar a zo ana ja mana "akbaaar". Kuma ya sa hula.

Na'ibin Unguwa: Ga yadda aka yi, tun da wasu sun tambaye ni ta akwatin sirri. Asabar yaro ɗaya ya kira magariba, muryarsa na rawa, ya manta "hayya alal falah" ɗaya, ladan ya tuna masa. Abokansa bakwai suka shigo, ina jin don su yi masa dariya ne, amma dai sun yi alwala sun bi sahu. Isha'i wanda aka sa bai zo ba, ana wasan Arsenal. Wani dattijo a kwamiti ya ce in aka ƙara ba yaro mai irin wannan askin lasifika zai koma masallacin gaba. Asubar yau na waiwaya, huɗu ne.

Maman Walida: Na huɗun ɗan waye?

Na'ibin Unguwa: Wanda ya manta "hayya alal falah" ɗin ne. Ya zo tambaya ko za a ba shi ta asuba, ladan ya ce sai ya yi shawara.